Daga Ramin Kura zuwa duwatsun Azbin

Albasa ce ta kai ni Azbin, ƙasar duwatsu da ke arewa da Agadas a Nijar. Kawuna ƙanen mahaifiyata ya fi shekara talatin yana harkar gwari a kasuwar Ramin Kura nan cikin Sakkwato, kuma duk wanda ya san harkar ya san akwai wani lokaci daga ƙarshen damina zuwa shigowar ɗari da albasarmu ta Wurno da Goronyo da Gada take ja baya, wadda anka ajiye a rudu ta fara tsiro wata ta ruɓe, sabuwa kuma ko dashe ba a gama ba, sai buhu ya yi tashin gwauron zabi. To a daidai wannan tsakanin ne kullum nake jin Kawu a waya yana zancen albasar Agadas da abokan cinikinsa na Ƙonni da Tsarnawa, ta iso ko ba ta iso ba, mota nawa anka loda.

Ni malamin makaranta ne, jogirafi nake koyarwa a sakandare, kuma kowace shekara sai na tsaya gaban allo na ja wa yara layuka na ce musu ga mu nan Sakkwato muna samun ruwan sama wajen milimita 600 zuwa 700 a shekara, kana yin arewa yana raguwa, kafin ka kai Agadas ba kasafai yake wuce 150 ba, daga can kuma sai hamada. A taswirar da ke bangon ajin duk wajen launi ɗaya ne, ruwan ɗorawa. Wata rana wata ɗalibata 'yar aji biyar, babanta shi ma ɗan gwari ne, ta ɗaga hannu ta ce Malam in dai babu ruwa a can to albasar Agadas da me ake noma ta. Na ba ta amsar littafi, na ce akwai dausayi, amma wallahi har na koma gida tambayar yarinyar nan tana ci na a rai. Shi ya sa da Kawu ya ce a hutun Disamba na 2018 zai tafi da kansa ya ga masu lambun da yake hulɗa da su shekara da shekaru ta bakin dillalai, na ce Kawu da ni za a yi wagga tahiya. Ya ce to ka nemi bargo mai kauri da rigar sanyi biyu, ɗarin can ba irin namu ba ne.

Mun bar gari bayan sallar asuba hazo ya rufe ko'ina. Muna tsallake gulbin Rima fadama ce hagu da dama, injinan ban ruwa sai kuka suke, yara na ta dashen albasa cikin fangali, amma minti kaɗan ka hau tudu sai jan marmara da karan gero busasshe da sabara nan da can. Wannan hanya ta Kware, Gwadabawa zuwa Illela na bi ta ba adadi don gidan kakanninmu ma a wani ƙauye yake gefen Gwadabawa, sai dai ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa ai hadari ɗaya ne ke zubar da ruwa a kan fadamar da tudun ba. Kilomita 80 da 'yan kai munka isa Illela, anka duba takardu, munka shiga Ƙonni, daga Tsarnawa munka karkata arewa hanyar Tawa.

A ƙasar Adar idona ya fara buɗewa. Wanda bai taɓa bin hanyar ba, ƙasa ce ta tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai, saman nasu baƙin tsakuwa ne zalla kamar an ƙone wajen, ko akuya ba ta tsayawa, sai mota ta gangara kawai ka tarar da kwari kore shar, gawo da dogon yaro da mangwaro, garkuna a jere. Taya ta yi mana faci kusa da Badagishiri, yaron mota na fama da jak ni kuma na taka zuwa wata gona da ke gindin tudu don na ga an yi mata wasu ramuka a jere kamar gurbin dara. Mai gonar dattijo ne yana tara kara, na yi sallama na ce Baba sannu da aiki, waɗanga ramu na mene ne. Ya ce tassa ke nan ɗana. Ya durƙusa ya nuna min, faɗin ramin kamar na kwanon sha, zurfinsa wajen taƙi ɗaya, ƙasar da anka fitar an tara ta a gefen gangare ta yadda in ruwa ya taho daga sama zai faɗa ciki ya kasa wucewa. Tun da rani ake zuba taki cikin tafin hannu biyu a kowane rami. Ya tona da yatsa ya nuna min 'yan ƙananan hujoji a gindin ramin ya ce aikin gara ne, ita ke zuwa cin takin ta yi ta huda ƙasa, ta nan ruwa ke bi ya nutse. Ya ce wurin nan fako ne da, in ka buga masa hauya wuta take yi, kyauta ma ba mai karɓa, yanzu kuwa sai da kuɗi. Gaba kaɗan akwai masu siffar rabin wata, sun fi tassa girma, da kuma jerin duwatsu da anka shimfiɗa a kwance suna tare gangare.

Daga baya na bi tarihin abin. A ƙarshen shekarun 1980 ne wasu manoman yankin sunka je ƙasar Yatenga a Burkina Faso sunka ga yadda ake gyara wannan rami, sunka dawo da shi gida ya bazu. Can gabas da Tawa kuma a Keita tun 1984 anka fara wani babban aiki da taimakon ƙasar Italiya da hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, furoje suke ce masa a can, anka yi ta gina shingayen dutse ana dasa miliyoyin itatuwa, kuma mafi yawan masu ɗaukar duwatsun nan a ka mata ne. Abin da ya tsaya min a rai shi ne fakon da ke tsakanin rami da rami ba a taɓa shi, da gangan ake barin sa a ƙeƙashe, don shi ke tattaro ruwan ya miƙa wa ramin.

Mun kwana Tawa. Washegari munka wuce tafkin Tabalak, ruwa malale tsakiyar busasshiyar ƙasa ga masunta ga lambuna, munka wuce Abalak, daga nan ƙasa ta miƙe ɗoɗar. Awa bayan awa ba tudu ba kwari, kwalta ta mutu a wurare da yawa direba ya sauka gefe yana bin sawun manyan motoci, ciyawa ta bushe ta yi fari, in ka sauka kama ruwa karangiya ta cika maka ƙafar wando. Ita ma shimfiɗaɗɗiyar ƙasar nan in ka lura ba ɗaya ba ce. Inda rairayi ne akwai ciyawa, inda laka ce mai tauri sai ka ga fili fetal yana ƙyalli. Mu a nan gida mun saba laka ita ce ƙasar albarka, jigawa kuwa ta talaka, amma inda ruwa ya yi ƙaranci abin juyawa yake, rairayi yana haɗiye ɗan ruwan da ya samu nan take ya ɓoye shi ƙasa inda rana ba ta kai, laka kuwa sai ta riƙe shi a sama ya ƙafe ko ya gudu. Kuma duk inda ka hangi layin itatuwa daga nesa, ko ba a faɗa maka ba akwai ɗan kwari a wajen, wani ma zurfinsa bai kai gwiwa ba.

Agadas da Hausa ake ciniki da Hausa ake gaisawa, ban ji baƙunta ba ko kaɗan. Na je na tsaya gindin hasumiyar babban masallaci, ta ƙasa ce zalla da itatuwa sun fito a jikinta, tsawonta mita 27, kuma tun 2013 tsohon garin yana cikin wuraren tarihi na duniya da UNESCO ta lissafa. Ga Basakkwace wajen nan ba baƙo ba ne, nan Shehu Usmanu ya zo neman ilimi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, kuma Gobirawa har gobe suna cewa daga Azbin kakanninsu sunka gangaro. Mai masaukinmu ya kai ni bakin ƙoramar Telwa da ke wucewa ta gefen garin. Rairayi ne fari ƙal mai faɗi, ba ɗigon ruwa, sai sawun raƙuma da na babur. Ya ce kar ka raina ta Malam, a farkon Satumba na 2009 ita ce ta ɓalle cikin dare ta rushe gidaje dubbai a garin nan. Sai na tuna ambaliyarmu ta 2010 da ta yanke hanyar jami'ar Ɗanfodiyo. Garin da ruwan samansa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na namu ba amma ambaliya ta ci shi, ka ga ruwan daga wani wuri yake zuwa ke nan. Ya nuna min arewa da baki, can inda duwatsu sunka yi baƙi cikin hazo.

Tabelot munka nufa, wani gari can cikin duwatsun Azbin, a bayan wata tsohuwar Toyota da ke kai buhunan wofi da man fetur. Ba kwalta, hanyar dutse ce da rairayi, wuni guda muna jijjiga. Duwatsun Azbin ba su yi kama da komai da na taɓa gani ba, wasu baƙaƙe ƙirin kamar gawayi, wasu manyan ƙwallaye jibge kan juna, ka duba sama har ƙasa babu ganye ɗaya, na ce a raina lalle taswirar ajinmu ta yi gaskiya. Sai hanya ta faɗa cikin ƙorama, kai, kamar an buɗe ƙofa. Goriba ce a jere bakin gaɓa, kandili manya masu shimfiɗaɗɗen kai, aduwa, magarya, bagaruwa, tumfafiya ta yi tsawo ta fi mutum, awaki na tsintar 'ya'yan kandili a ƙasa, kurciya na kuka. Mu fita daga ƙoramar mu hau dutse sai komai ya ɗauke, mu sake gangarawa ya dawo. Haka munka yi ta yi har la'asar, kuma tsakanin koren da ƙurmusasshen wani lokaci taku ashirin ne kawai.

Mai lambun da Kawu ya je wa dattijo ne Ba'azbine, rawaninsa baƙi ya rufe baki, Hausarsa garau don ya ce da ƙuruciyarsa ya yi ayari, su ɗauko kantun gishiri da dabino daga Bilma su gangara har ƙasar Hausa su sayo gero. Shi da Kawu sun shekara suna aika wa juna saƙo ba su taɓa haɗuwa ba, sunka riƙe hannun juna sun fi minti biyar ana ina gajiya ina iyali ina ɗari. Anka ɗora shayi a gawayi. Lambun nasa a bakin ƙorama yake an kewaye shi da ƙaya, ciki ga dabino can sama, ga 'yan itatuwan lemu da rumman, ƙasa kuma fangali fangali na alkama da ta fara tsiro, ga albasa an tuge an tara ana yanke ganye ana cika buhu.

Yana da injin ban ruwa ɗan ƙarami irin namu, amma a tsohuwar rijiyarsa har lokacin raƙumi ke ja, kuma na daɗe tsaye ina kallon abin nan. An kafa itatuwa biyu a bakin rijiya an gitta wani mai juyawa a sama, wasakin fata ne babba mai dogon hanci a gindi, igiya biyu, ɗaya ta riƙe bakin wasakin ɗaya ta riƙe hancin a tanƙware don kar ruwa ya zube. Jikansa ɗan shekara goma ke jan akala, raƙumi ya yi gaba wasaki ya taho sama, yana isowa igiyar ƙasa ta miƙar da hancin ruwa ya kwarara cikin kututturen dabino da anka fafe, ya bi 'yar hanya zuwa fangali, wani yaron na can da hauya yana buɗe wannan yana toshe wancan. Raƙumi ya juyo wasaki ya koma. Ba mai taɓa guga da hannu. Na leƙa rijiyar ina ganin fuskata a ruwa, ba ta kai zurfin rijiyar gidan kakana ba.

Na ce Baba don Allah ruwan ga daga ina. Ya ɗaga hannu ya nuna dutsen Bagzan da ya tokare yamma da mu kamar ganuwa. Ya ce mu nan ruwa ba a kanmu yake sauka ba, a kan dutse yake sauka dutse ya aiko muna. Ya ce da damina sai ka ga sama garau a nan rana na dukan ka, amma can kan dutse hadari ya yi baƙi, bayan 'yan awoyi sai ka ji ƙugi, yara su ruga suna ihu ƙorama ta taho, ta cika gaɓa da gaɓa da jan ruwa da itace da kumfa, kwana ɗaya ko biyu ta wuce. Su ba sa tambayar sau nawa anka yi ruwa bana, sau nawa ƙorama ta zo suke ƙirgawa, da wannan suke sanin ko rijiya za ta kai su baɗi. Ya ja ni tsakiyar ƙoramar ya ce tona. Na durƙusa na yi ta yaye rairayi da hannu, na sama zafi rau, da na kai gwiwar hannu ya yi sanyi, na ƙara kaɗan sai ga shi yana dunƙulewa a tafin hannuna da danshi, wata uku bayan ruwan ƙarshe.

Da dare na kwanta cikin bargo ina lissafi a waya. Milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce, ke nan in milimita 100 ta sauka a hekta ɗaya lita miliyan ɗaya ce. A ce misali hekta goma na dutse suna gangarowa kan hekta ɗaya ta kwari, dutse ba ya shan ruwa, ko rabin abin da ya sauka ne ya iso lita miliyan biyar ke nan, ka haɗa da miliyan ɗaya da ta sauka a kwarin kansa, ya zama kamar an yi masa ruwan milimita 600. Ruwan Sakkwato cif. Na tashi zaune. Kuma bayan ruwan akwai laka da ɓurɓushin dutse da kashin dabbobi da ƙoramar ke kwasowa ta shimfiɗa a gaɓa duk shekara. Da a ce ƙasar a miƙe take kamar wadda munka wuce bayan Abalak, milimita 100 ɗin nan za ta bazu ko'ina daidai wa daida ta fitar da 'yar ciyawa ta sati uku rana ta ƙone ta, ko gero ba zai yi ba balle dabino. Hatta filin laka na Irhazar da ke yamma da Agadas, inda Fulani da Azbinawa ke kai dabbobi lasar gishiri a taru a Ingal cikin watan Satumba, ruwan da ke malale shi ya fitar da ciyawa daga duwatsun nan yake gangarowa.

Kwana na uku Kawu na can yana awo da lodi, ni kuma babban ɗan dattijon ya ce in zo mu hau Bagzan zai kai saƙo wurin surukansa. Ta hanyar da munka bi mota ba ta hawa, ƙafa ce da jaki. Mun tashi da duhu hannuna har ya ƙage don sanyi, hanyar ta bi ta wani kwazazzabo tana nannaɗewa, muna cin karo da jakuna suna saukowa da buhunan dankalin turawa da tafarnuwa. A cikin kwazazzabon na ga wani abu da nake koyarwa a aji amma ban taɓa gani ƙuru ƙuru haka ba. A watan Disamba rana ta karkata kudu, to bangon da ke fuskantar kudu rana na dukansa tun safe, fes yake ba komai, wanda ke fuskantar arewa kuwa yana cikin inuwa, a tsagoginsa ga ciyawa ga 'yan itatuwa sun maƙale, har wani ɓaure na gani saiwarsa ta bi tsagar dutse ta gangara ta fi tsawon mutum uku. A wani lungu munka tarar da ruwa kwance cikin kwarmin dutse, kore kore mai sanyi kamar na firji, abokin tafiyata ya ce ba ya ƙafewa sai shekarar fari don rana ba ta ganinsa sai ɗan lokaci da tsakar rana.

Da munka kai sama na zata ƙololuwa zan gani, ashe wata ƙasa ce shimfiɗe a can da ƙauyuka da masallatai da lambuna, wasu ma daga idon ruwa ake shayar da su ba rijiya. A nan dutse mafi tsawo a duk Nijar yake, Idukal-n-Tages, mita 2,022. Agadas kuwa wajen mita 500 take, kuma iska tana rage zafi da kusan digiri 6 da rabi a duk mita 1,000 da ka hau, ka ga bambancin ya kusa digiri 10 ke nan. Shi ya sa ruwa ba ya saurin ƙafewa, shi ya sa dankali da tafarnuwa ke jin daɗin wajen, kuma tsaunin da kansa yana tare iska mai danshi ya tilasta mata hawa har ta zubar. Ita ma amsar albasar a nan take, mu damina tana wahal da albasa da laima da cuta, su kuwa iskarsu busassa ce ruwansu na ƙarƙashin ƙasa, sai su noma ta da damina su tuge daga Oktoba zuwa Disamba lokacin da ta Galmi da tamu sun yi ƙaranci.

A can saman ya nuna min wata bishiya gajera mai kauri da siraran ganye masu fari fari a baya, ta fito daga tsakanin duwatsu. Zaitun ne na daji. Masana sun ce ragowa ce ta zamanin da Sahara take da ruwa da tafkuna, tsakanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da sunka wuce, zamanin da anka zana raƙuman dawa a jikin duwatsun Dabus da ke hanyar Arlit. Da ƙasa ta bushe sai ta rage a kan manyan tsaunuka kawai, kuma da wuya ka ga sabon tsiro daga iri, daga gindin tsohuwa take sake tohowa. Na ɗora hannu a jikinta na daɗe, gaskiya jikina ya yi sanyi.

A hanyar saukowa yake ba ni labarin yadda suke kiwo. Da damina dabbobi na fili suna cin sabuwar ciyawa, ta bushe a shigo ƙorama a ci ganye da 'ya'yan kandili, bazara ta yi tsanani a hau dutse a bi lunguna masu inuwa, kowane wuri da lokacinsa, in wannan ya gaza wancan ya rufa asiri. Gabas da su kuwa Tenere ce, shimfiɗaɗɗen rairayi ba tudu ba kwari, inda kandili guda ɗaya tak ya taɓa zama alamar hanya ga ayarin Bilma, saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 kafin ta kai ruwa, har wata babbar mota ta buge shi a 1973, yanzu kututturensa na gidan tarihi a Yamai an kafa na ƙarfe a gurbinsa. Ya ce babansa ya sha yada zango a gindinsa.

Ba komai ne lafiya lau ba a can, kuma dattijon bai ɓoye mana ba. Tunda injina sunka yawaita kowa ya faɗaɗa lambu don kuɗin albasa, rijiyoyi sun fara ja da baya, duk 'yan shekaru sai an ƙara haƙa, wanda ke can ƙasan ƙorama shi ke fara ji a jikinsa. In ƙorama ta zo da ƙarfi kuma takan ci gaɓa ta tafi da lambu sukutum, musamman inda anka sare goribar da ke riƙe bakin. Samari da yawa sun tafi haƙar zinari tun da anka same shi a Jado a 2014. Ya faɗi wannan yana kallon jikansa da ke jan raƙumi.

Mun dawo Agadas a saman lodin albasa, Kawu ya sayi kwali biyu na lemun Timiya da rumman tsaraba, lemun nan mai ruwa da zaƙi daga tsakiyar duwatsu fiye da kilomita 200 arewa da garin, muna ɓarewa muna sha har Tawa. Da munka shigo gida ta Illela na ce Kawu ya sauke ni a mararrabar ƙauyenmu. Akwai wata ƙorama bayan gari da muke wasa a cikinta muna yara, muna tona rairayi mu sha ruwa, na tarar masu tifa sun kwashe yashin har sun kai ga jan ƙasa, rijiyoyin lambun da ke gefenta uku sun ƙafe. A da in na gani sai dai na ce an ɓata wuri, ranar kuwa na san randar ruwan garin ce anka ɗebe anka kai birni anka yi bulo da ita, raina ya ɓaci ƙwarai har na je na samu mai gari da maganar, ya saurare ni ya ce zai tara dattawa.

Kakana yana da wani fako a gindin tudu da ba a taɓa nomawa ba tun ina yaro. A watan Afrilu na 2019 ni da ƙannena biyu munka ɗauki diga da sungumi, duk Asabar da Lahadi muna haƙa tassa kamar yadda dattijon Badagishiri ya nuna min, ƙasar a gefen gangare, taki tafi biyu, hannuna duk ya yi kanta. Mutane na wucewa suna cewa Malam me ake nema a fako. Ruwan shuka ya sauka cikin Yuni da dare, ina idar da sallar asuba na hau babur daga Sakkwato ko karyawa ban yi ba. Na tarar fakon ya riga ya bushe ƙayau kamar ba a yi ruwa ba, ramukan kuwa kowane da ɗan ruwansa kwance yana ƙyalli. Kaka ta biyo ni a hankali da sandarta da ƙwaryar iri, ta durƙusa bakin rami na farko ta tura yatsa cikin laka har ya nutse, ta ɗago ta dube ni ta ce miƙo geron.